Wane suna za mu ba akwatin da ke sarrafa injin mota?

Salamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman mu haɗa kai kan suna guda. Akwai wani ƙaramin akwati na ƙarfe da ke ɓoye a gefen inji ko ƙarƙashin gaban mota, wayoyi cunkus sun shige cikinsa. Masu ƙera motoci harufa uku suke rubuta masa, ECU. A garejojin Damagaram kalkilater ake ce masa, daga Faransanci, wasu su ce bwatiye. Ka tsallaka Daura ko Kano, birenbos za ka ji. Na Hausa kuwa har yau ba mu tsaya kan guda ba.

Ba don ƙawa na tada maganar ba. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023, kwalbar ruwa-ruwa, wato man sumoga da ake sayarwa a bakin hanya, ta daina araha, kuma duk da matatar mai ta SORAZ tana nan kan hanyar Tanut tun 2011, mai taksi da mai Hilux kowa lita yake ƙirgawa. Sai zance ya bazu cewa in ka sauya kalkilater, mota za ta rage shan esansi, wato fetur, ta kuma ƙara ƙarfi. Mutum ya ɗauki kuɗin guminsa ya kai, alhali bai san abin da zai tambayi bakanike ba, don abin ma ba shi da suna a bakinsa.

Kafin suna, aikinsa. Tsohuwar Peugeot 504 ba ta san wannan akwati ba, karbirater ce ke gauraya iska da mai, bakanike ya saita ta da kunne da sukundireba. Kamfanin Bosch na Jamus ya fara sa lantarki cikin sha'anin fesa mai a 1967, a 1979 kuma ya haɗa fesa mai da kunna wuta cikin akwati ɗaya. Yau kusan duk motar da ta shigo mana ta Kwatano ko Lome da shi take zuwa. Yana karɓar labari daga ƙananan na'urori da aka dasa jikin inji: yawan iskar da ta shiga, zafin ruwa, saurin juyin inji, yadda direba ya taka totur, da sauran iskar da ta rage cikin hayaƙin salansa. Daga nan ya yanke yawan man da anjekter, bakin da ke fesa mai cikin inji, za ta fesa da daidai lokacin da buji, wato fulogi, zai ba da wuta. A injin esansi abin da yake bi shi ne nauyin iska 14.7 ga nauyin mai 1.

Yanzu ga sunayen da ƴan'uwa suka riga suka turo mini.

Wani ya ce mu bar kalkilater ɗinmu, kowa ya saba. Matsalar ita ce ɗan Kano in ya ji, na'urar lissafi ta kanti zai zata, mu kuwa rabin kayan gyaranmu daga can suke zuwa. Akwatin inji bai faɗi komai ba, fiyus ma cikin akwati suke. Linzamin inji ya yi mini daɗi ƙwarai, amma linzami a hannun mahayi yake, wannan kuwa shi ke yanke hukunci da kansa. Kwamfutar inji daidai ne, babu ƙarya ciki, sai dai aro ne ya maye gurbin aro.

Saura ƙwaƙwalwa, wadda tuni wasu kanikawa ke faɗa ba tare da wani ya koya musu ba. Ni a nan na tsaya, amma da sharaɗi: ƙwaƙwalwar inji, ba ƙwaƙwalwar mota ba. Motar zamani tana da irin waɗannan akwatuna da yawa, na birki daban, na giyar otomatik daban, na jakar iska daban. In muka ba ɗaya sunan mota gaba ɗaya, gobe za mu rasa abin kiran sauran.

Wani dattijo, tsohon bakanike a Zango, ya ƙi wannan suna. Dalilinsa shi ne da zarar ka ce ƙwaƙwalwa, mai mota zai ɗauka abin yana tunani, in aka sa sabo mota za ta ƙara wayo. Baba, maganarka gaskiya ce, kuma ita ce ta sa na ga suna ɗaya ba zai ishe mu ba. Akwatin daban, abin da aka rubuta cikinsa daban. Abin da ke ciki jeri ne na lambobi da injiniyoyin kamfani suka tsara: in inji na juyi kaza da nauyi kaza, a fesa mai kaza, a ba da wuta a lokaci kaza. Ina ba da shawarar mu kira shi jadawali. Kamar allo ne da rubutun da ke kansa, kana iya sayen sabon allo, kana kuma iya wanke na hannunka ka sake rubutu.

To kun ga ayyuka biyu sun fito, kowanne da sunansa. Sauya ƙwaƙwalwa shi ne a cire akwatin a sa wani. Wannan gyara ne, ana yin sa in ruwa ya shiga, ko an juya kan batir ta ƙone. Wadda za a sa dole lambarta ta dace da injin da irin giyar, kuma a yawancin motocin da aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1990 sai an haɗa ta da makulli, in ba haka ba inji ya yi ta juyi ba zai tashi ba. Ka ɗauko irinta sak daga wata mota ka sa, jadawali ɗaya ne ciki, ba ƙarin ƙarfi, ba ragin mai.

Sake jadawali shi ne abin da masu neman ƙarfi ke nufi da gaske. Ana yinsa da kwamfuta, sau da yawa ta wannan soket mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona baliz, na'urar da ke karanto matsalar mota. Injin gazuwal, wato dizal, mai turbo yana samun ƙari wanda direba zai ji a ƙafarsa. Ƙaramin injin esansi marar turbo kuwa abin da zai samu bai taka kara ya karya ba. Kuma ku tuna kamfani bai matse inji iyakar ƙarfinsa ba, ya bar rata da gangan saboda zafi da mai marar kyau. Mu da muke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, mu lafta kaya mu nufi Agadas, wannan ratar ita ke tsare mana inji. Wanda ya cinye ta ya shirya wa baƙin hayaƙi, da zafin inji, da ambariyaj, wato kuloci, mai saurin ƙarewa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yawancin motocin da ake zargin ƙwaƙwalwarsu da shan mai, lafiyarta ƙalau, labarin ƙarya ake kai mata. An cire termosta, mai daidaita zafin ruwan inji, wai don ƙasar zafi, inji ba ya kai zafin aikinsa da wuri, ita kuwa ta ɗauka har yanzu da sanyi sai ta ƙara mai. Ƙurar hunturu ta lulluɓe ma'aunin iska. Na'urar salansa ta mutu tun a Turai. Buji ya tsufa, taya ba iska. Gyaran duk waɗannan ya fi sabon akwati araha nesa ba kusa ba, kuma baliz na nuna da yawa cikinsu kafin a kwance ko noti ɗaya.

Don haka abin da na ajiye gabanku: ƙwaƙwalwar inji, jadawali, sauya ƙwaƙwalwa, sake jadawali. Malaman Hausa na jami'ar Damagaram da masu shirin rediyo, ina roƙon ku duba, in da gyara ku gyara. Kanikawa kuma ku gwada su gobe a gareji, ku gaya mana wanda baki ya karɓa.

Saura guda da ta gagare ni. Waɗannan ƙananan na'urori masu kai labari, nan muna ce musu kafter, a Kano sensa. Wani ya kawo ma'auni, wani ya kawo ɗan rahoto. Ma'auni ya dace da na iska da na zafi, amma wadda ke sauraron ƙwanƙwasar inji fa, me za mu ce mata?