Na'ura ta ce kunnensa lafiya, amma yaron ba ya juyowa

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masana, musamman ma'aikatan lafiya da iyayen da suka taɓa shiga irin wannan hali.

Ɗana ya haura shekara 2, har yanzu ko "Mama" bai iya faɗa ba. In na kira shi ta baya ba ya waiwayowa, amma in ƙofa ta buga da ƙarfi wani lokacin yakan firgita. Kakarsa ta ce nauyin baki ne, wai babansa ma haka ya yi. Ni dai hankalina bai kwanta ba, don ya yi ciwon shawara mai tsanani yana jariri, har aka sa shi a ƙarƙashin fitila, kuma shawarar jarirai in ta yi yawa tana iya taɓa jijiyar ji.

A wani asibitin kuɗi nan Kaduna an yi masa gwajin ji da ake kira OAE, aka ce lafiya. To amma wannan gwajin cikin kunne kawai yake dubawa, ba ya nuna ko jijiya tana kai sauti ƙwaƙwalwa. Wanda ke nuna hakan shi ne ABR, ana liƙa wayoyi a kai yaro yana barci.

In ana so a yi gwajin ABR a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke nan Kaduna, kai tsaye ake zuwa ko sai da takardar likita? Maganin barci ake ba yaron, ko a hana shi barcin rana a gida? Kuma nawa zan tanada? Allah ya saka da alheri.