Mai jinya a gidan mutane: ina iyakar aikinta?

'Yar Rigasa:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce a madadin ƙanwata, don Allah masu sanin harkar nan a taimaka. An ɗauke ta jinyar wata dattijuwa a Unguwar Rimi, Kaduna, wadda hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, ga kuma ciwon suga. Abin da aka yi magana da baki shi ne wanka, canza pampas, ba ta abinci da magani, da juya ta a gado. Wata biyu ke nan, yanzu girkin gidan ya dawo kanta, ga wankin yara, ga aike kasuwa. A ɗakin tsohuwar take kwana, ba ranar hutu. Jiya kuma aka ce ita za ta riƙa yin allurar suga, wai mai zuwa yi ya yi tsada. Yaya za ta ce a'a ba tare da an ce ta yi rashin kunya ko an sallame ta ba? Kuma me ya kamata ta ƙi gaba ɗaya?

Nas Mai Ritaya:

Wa alaikumus salam 'yata. Bari in fara da allurar, don ita ce mai iya kisa.

Insulin, wato allurar sugar, ba abin tsoro ba ce, masu ciwon suga da yawa da hannunsu suke yi wa kansu. Amma sai an koya wa mutum a gaban ma'aikacin lafiya, an rubuta adadi da lokaci a katin asibiti. Ba a koyon ta a tsakar gida da "ja zuwa nan ki tsira mata". Akwai insulin mai ƙarfin U-100, akwai mai U-40, kowace da sirinjinta. In aka ja U-100 da sirinjin U-40 zuwa layin 10, abin da ya shiga jiki 25 ne, ninki biyu da rabi ke nan. Tsohuwar da ba ta cin abinci sosai, wannan ya isa ya kayar mata da suga. Za a ga gumi, rawar jiki, ruɗewa, sai wani barci mai nauyi da mutanen gida za su ce "ta samu barci, a ƙyale ta". In na'urar gwajin suga ta nuna ƙasa da 70 kuma tana iya haɗiya, a dama sukari cokalin shayi uku a ruwa a ba ta, a sake gwadawa bayan minti 15. In ba ta cikin hayyacinta kada a ɗura mata komai, sai asibiti. Saboda haka amsar ƙanwarki ita ce: "Ban ƙi ba Hajiya, amma a kai ni inda take ganin likita, asibitin Barau Dikko ne ko na sojoji na 44, a koya mini, a kuma sayi na'urar gwaji da tsinkenta." In sun ƙi wannan, ita ma kada ta taɓa sirinji.

Abin da babu ciniki a kansa ko an koya mata da baki: allurar jijiya, ƙarin ruwa, sa robar fitsari ko cire ta, mayar da robar hanci in ta zare, da yanke mataccen nama a gyambo. Robar hanci in ta kauce ta bi hanyar iska, kunun da aka zuba huhu zai tafi. Haka maganin barci da wani zai sayo a kemis don tsohuwa ta daina kiran mutane da dare. In ba likita ya rubuta ba, kada ya fita daga hannunta. Ranar da abu ya ɓaci ba wanda zai tuna shi ya sayo, wadda ta bayar za a tuna.

Maganar girki kuwa, ba raina aiki ba ne, lissafi ne. Wanda ba ya iya motsa kansa ana juya shi duk awa biyu, sau 12 ke nan a kwana. Ciyar da mai shanyewar ɓarin jiki yana cin minti 30 zuwa 40, a zaune, cokali-cokali, sannan a bar ta a zaunen aƙalla rabin awa kada abinci ya dawo ya sarƙe ta. Tuwo da miyar gida guda awa biyu zuwa uku ne a kicin. Daga ina za a ciro su in ba daga jikin tsohuwar ba? Gyambon kwanciya yana farawa a ƙasan baya, kwatangwalo da dunduniya. A fatarmu ba ja yake fara nunawa ba, wurin sai ya ƙara duhu, ya yi ɗumi ko tauri, kuma kafin a ankara ya buɗe. Warkewarsa watanni ne da kuɗi mai yawa. Da wannan za ta yi magana, ba da gajiyarta ba. Girkin mara lafiya, wankin kayanta da tsaftar ɗakinta, waɗannan nata ne.

Kada kuma ta ɗaga babban mutum ita kaɗai. A shimfiɗa zani mai ƙarfi daga kafaɗa zuwa cinya, mutum biyu su kama gefe da gefe su ja. Kada a ja ta hannun da ya shanye, kafaɗar tana gocewa. Safar hannu, sabulu da Jik a kan masu gida suke. Kwalin safa mai 100 saka 50 ne kawai, in ana canza pampas sau biyar ko shida a rana bai fi kwana takwas zuwa goma ba, ta faɗa tun kafin ya ƙare.

Ɗan Kawo:

Anti ta gama da ɓangaren asibiti, ni bari in taɓa kuɗi da takarda.

Gaskiyar da ya kamata a sani tun farko ita ce doka ba ta tsaya wa mai aikin gida sosai ba. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, gwamnatin Kaduna ta sa 72,000 ga ma'aikatanta, amma dokar ba ta hau kan wanda yake da ma'aikata ƙasa da 25 ba. Ke nan abin da aka shirya tsakanin mutum biyu shi ne abin riƙewa, shi ya sa dole a rubuta. Ko a fiƙihu, haya ba ta inganta sai an san aikin an san ladan.

Shafi ɗaya ya isa, da Hausa ma. Sunan wadda ake jinya, ayyukan ɗaya bayan ɗaya, sannan layi guda mai cewa duk abin da ba a lissafa ba sai an sake magana. Albashi nawa, ran nawa ga wata. Ranar hutu, daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, da sunan wanda zai karɓe ta. Wannan na ƙarshen shi ake mantawa, kuma shi ke kashe hutun, don ranar na zuwa sai a ce ai ba wanda za a bar wa Hajiya. A rubuta kwanan asibiti ma, domin in an kwantar da tsohuwar mai jinya ce kan tabarma dare da rana: wa zai kawo abinci, wa zai biya kuɗin mota, akwai ƙari ko babu. Sai wa'adin rabuwa. Dokar ƙwadago ta ƙasa ta sa kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu, mako biyu zuwa ƙasa da shekara biyar, wata guda daga biyar zuwa sama. Ni a aikin jinya na fi son a rubuta mako biyu ga kowane ɓangare, don ba a samun madadi a kwana ɗaya.

Ta raba albashinta gida 30 ta san kuɗin yininta. A ce 60,000 ne, yini 2,000 ke nan. In aka buƙace ta ranar hutu, ko a biya wannan ko a musanya mata rana a cikin makon.

A biya ta banki, don alat shaida ne. Kuma don girman Allah kada ta yarda da "bari in riƙa ajiye miki, in za ki gida ki karɓa a dunƙule". Wani da kyakkyawar niyya yake faɗa, amma wata huɗu in suka taru, ba ta isa ta ce za ta tafi ba, kuɗinta ya ɗaure ta. Bashin albashi na gaba ma haka yake, igiya ce.

Aikin dare da rana ga mutum ɗaya ba ya ɗorewa. Ko a samo mai karɓar dare, ko a ware mata awa uku zuwa huɗu na barci da rana, wani ya zauna da tsohuwar. Mai gyangyaɗi ce ke ba da maganin dare da safe.

Inna ta Badarawa:

Malam, takardarka ta yi, amma ka san gidajenmu. Yarinya ta shiga falo da takarda a hannu ta ce Alhaji sa hannu, a ranar za ta kwashe kayanta. Ba ita za ta kai ba. Wanda ya kawo ta aikin shi zai koma, ko babbar yayarta, ko wani dattijo da gidan ke jin nauyinsa. A gaisa, a tambayi mai jiki, a yi godiya, sannan a ce an zo ne a daidaita aiki don kada Hajiya ta cutu. In sa hannu ya yi musu nauyi, bayan an tashi a tura abin da aka tsayar ta WhatsApp, a ce "ga abin da muka yi magana, in da gyara a faɗa". Ko "to" aka amsa, ya zama shaida.

Abu na biyu, ta san wa ke ba ta umarni. Gidan da ke da 'ya'ya bakwai, ɗaya a Abuja, ɗaya a Ingila yana bugo waya, matar ɗa na gida, ga ƙanwar tsohuwar mai zuwa da rubutu da jiƙo, kowa oga ne. A zaɓi mutum ɗaya, yawanci mai biyan albashi. Duk wanda ya kawo sabon abu, amsarta ɗaya: "To Anti, bari a faɗa wa Yaya tukuna." Ba gardama, ba ɗaga murya. In aka aike ta kuma: "Ƙarfe biyu zan juya Hajiya, wa zai zauna da ita in na fita?" Sau uku in ta faɗi haka aike zai ragu da kansa.

Ban ce ta zama dutse ba. In ta ɗora ruwan zafi ta zuba wa wani a fulas, ko ranar suna ta kama aiki, zaman tare ne. Abin lura shi ne na jiya da ya dawo yau ya dawo gobe. Ranar uku ya zama nata. Kalmar "ai kin zama 'yar gida" tana da daɗin ji, sai dai 'yar gida ba ta da ranar hutu kuma ba ta tambayar albashi. Ta amsa da na gode, ta ci gaba da lissafinta.

Kuɗin tsohuwa kuwa ta nisance shi. Kada ta riƙe katin ATM, kada ta san lambar sirri. In an ba ta kuɗin magani ta dawo da rasit da canji a ranar, ta rubuta a littafi. Sarƙa da 'yan kunnen zinare ta roƙi 'ya'yan su kwashe daga ɗakin tun yau. In tsufa ya fara taɓa tunani, tsohuwa za ta ba ki atamfa da safe, da yamma ta ce an sace. Duk kyautar da ta wuce goro a nuna wa mai biyan albashi kafin ta shiga jaka. Littafin nan dai shi ne garkuwarta: ƙarfe nawa aka juya, me aka ci, wane magani, suga nawa, yaushe aka ga tabo a baya kuma wa aka faɗa wa. Hoton jikin mara lafiya ga mai umarni kaɗai za ta tura, asirin gidan kuma ya tsaya a gidan.

Sai maganar da ba a son yi. Ɗakin da take kwana ya zama da sakata, wayarta tana hannunta, 'yan uwanta sun san gidan. Namijin gidan da ya fara shigowa da dare da sunan duba Hajiya, ko wasan hannu, wannan ba a jiran wa'adin mako biyu. Ta faɗa wa wanda ya kawo ta a ranar, ta fita. In abin ya kai ga taɓa ta, akwai cibiyar Salama mai kula da waɗanda aka ci zarafinsu a asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada da na Gwamna Awan a Kakuri, kuma maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi.

'Yar Rigasa:

Allah ya saka da alheri, na kwafe duka. Inna, ni zan je da kawunmu ranar Asabar. Saura ɗaya: in suka ji haushi suka ce ta tafi, alhali akwai kwana 18 da ba a biya ba fa?

Ɗan Kawo:

Kwana 18 sau kuɗin yini, haƙƙinta ne ko an rabu da faɗa. Kada ta fita a fusace. Ta miƙa magunguna a ƙirge, da katin asibiti da littafin, ta buɗe jakarta a gaban kawunku da mutum ɗaya na gidan, don kada bayan kwana biyu a ce wani abu ya ɓata a riƙe kuɗin da wannan hujja. Ta ɗauki hoton shafukan littafin kafin ta bayar. In an ce sai ƙarshen wata, a faɗi rana a gaban shaida a kuma tura ta waya. Ranar ta wuce, kawu ya koma sau ɗaya, daga nan sai mai unguwar wurin. Yawanci a nan ake biya, don ba mai son a ji shi a kan kuɗin mai jinyar uwarsa. In ya faskara, hukumar taimakon shari'a ta Legal Aid Council na da ofis a Kaduna kuma ba a biyan lauya, kotun ma'aikata ta ƙasa ma tana da reshe a nan. Ku tafi da alat ɗin watannin baya da saƙonnin WhatsApp, kada ta goge ko ɗaya.