Neman kalma: me za mu kira "sit dinamik" da Hausa?

Jama'a, kalma muke nema. Masu koyon gina shafin intanet a nan Maradi, daga ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo har yaran da ke koya wa kansu a gida, kowa "sit statik" da "sit dinamik" yake cewa. Ƴan'uwanmu na Katsina da Kano ma kalmomin ke nan, lafazin ne kawai ya koma na Ingilishi. Tunda kundin tafiyar da ƙasa da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, ai bai kamata darasin farko na wannan sana'a ya zauna ba suna ba.

Na statik bai ba mu wahala ba. Kafaffen shafi, kowa ya yarda. Fayil ne na HTML da CSS (harsunan da ake jera shafi da yi masa ado da su) da aka rubuta aka ajiye a uwar garke, wato kwamfutar da ke riƙe shafuka, duk wanda ya nema shi za a miƙo masa, ba ragi ba ƙari. Irinsa ne shafin farko da Tim Berners-Lee ya buɗe wa duniya daga cibiyar binciken kimiyya ta CERN a 1991.

Ɗayan kuwa, kafin ka neme shi babu shi. Burauzarka, wato manhajar da kake buɗe shafuka da ita, ta aika buƙata, uwar garke ta tada wani shiri da aka rubuta da harshen kwamfuta irin PHP ko Python ko makamancinsu, shirin ya je rumbun bayanai ya ɗebo abin da ya shafe ka, ya jera shi cikin HTML, sannan a turo maka. Shi ya sa ni da kai za mu buɗe Facebook lokaci guda, adireshi ɗaya, amma kowa nasa zai gani. Wannan ne muke nema wa suna.

Abin da ya fara fitowa daga bakin kusan kowa shi ne "shafi mai motsi". Na san inda aka samo shi: wanda ya yi fizik a lakkol ya san dinamik da zancen ƙarfi da motsi. Ni dai ban yarda da shi ba, kuma a kansa ne zan fi tsayawa, don ɓarnarsa a fili take. Ka ce wa sabon shiga ya gina shafi mai motsi, sai ya tafi ya ƙare ƙarfinsa wajen sa rubutu ya riƙa gudu daga dama zuwa hagu, hoto na juyawa, maɓalli na walƙiya. Duk wannan CSS kaɗai tana yin sa, shafin kuma yana nan kafaffe kamar yadda aka haife shi. Ku buɗe Wikipedia ta Hausa ku duba. Ba abin da ke ko ƙiftawa a kai, alhali kowace maƙala daga rumbu ake ɗebo ta, da manhajar MediaWiki wadda aka rubuta da PHP. Ga kuma rigimar ciniki. Alhaji ya ce a yi masa mai motsi, shi walƙiya yake nufi, kai kuma ka yanka masa kuɗin aikin rumbu da kalmar sirri da wurin shigar ma'aikata. Ranar biya za a ji ku.

Wata ɗaliba ta kawo "shafi mai rai". Yana da daɗin faɗi, ba musu. Wani dattijo cikinmu, tsohon malamin Hausa, ya ce mata: "Ƴata, idan wannan mai rai ne, ɗan'uwansa fa? Matacce ke nan. Wa za ki sayar wa mataccen shafi?" Aka yi dariya, ita ma ta janye.

"Mai sauyawa" ya ɗan matso kusa, sai dai kafaffen ma yana sauyawa duk ranar da mai shi ya buɗe fayil ya gyara. Wani ya ce to a kira shi hawainiya. Wannan don nishaɗi ne, mu wuce.

Wanda ya tsaya mini a rai daga bakin wani yaro ya fito, wanda ke riƙe wa mahaifinsa lissafi a shagon hatsi a babbar kasuwa. Ya ce: "Yaya, tunda an riga an ce rumbun bayanai, me zai hana a ce shafi mai rumbu?" Ya kuma kawo misalin shagonsu. In shafin kafaffe ne, duk ranar da tiyar gero ta tashi ko ta sauka sai an nemo wanda ya gina shi ya buɗe fayil ya goge lamba ya sa wata. In mai rumbu ne, akwai jadawali a ajiye: sunan hatsi, kuɗin tiya, kuɗin buhu, ranar da aka sa farashin. Mai shago ya shiga da kalmar sirrinsa daga waya ya canja lamba ɗaya. Wanda ya buɗe shafin daga Tasawa ko Damagaram bayan minti guda sabon farashi zai gani, ba wanda ya taɓa HTML.

Wani malamin jami'a bai bar mu mun yi saurin murna ba, kuma hujjarsa mai nauyi ce. Ya ce: "Malam, sunan nan ya yi wa abin kaɗan. Layi ɗaya na PHP da ke buga kwanan wata ya mai da shafi dinamik, ina rumbu a nan? JavaScript kuma, wani harshen kwamfuta, tun da Brendan Eich ya ƙirƙiro ta a kamfanin Netscape a 1995, tana canja shafi a cikin burauza ba tare da ta je ko'ina ba."

Gaskiyarsa ce, shafin kwanan wata ba shi da rumbu. Amma wa ke biyan jika ko ɗaya a gina masa shi? Duk aikin da mutum zai zo ya nema, rijistar ɗalibai ne, ko duba sakamakon jarrabawa da lamba, ko lissafin kaya, ko wurin da mutane za su bar saƙo, ajiya ce da ɗiba. PHP kanta haka ta faro: Rasmus Lerdorf ya rubuta ƴan shirye-shirye a 1994 don ya riƙa sanin masu leƙa takardar tarihin aikinsa da ya ɗora a intanet, ya sake su ga jama'a a 1995. Bin sawun baƙi kuwa sai da wurin ajiya. Ba dole rumbun ya zama babbar manhajar ajiya irin MySQL ba, ko ɗan fayil na rubutu ne da shiri ke zubawa yana ɗiba, ya ci sunan. WordPress, manhajar gina shafuka da ta fito a 2003, wadda yau sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya ke kanta, in ka kwance ta PHP ce da rumbu.

Abin da ya fi ja na ga sunan nan shi ne yana nuna wa mai koyo inda aikin yake. HTML da CSS ba su cika kā da kowa ba, cikin ɗan lokaci yaro zai jera shafi mai kyan gani. Inda ake zubewa shi ne ranar da aka ce ya sa XAMPP ko WampServer (tarin kayan aikin uwar garke) a kwamfutarsa, ya tada Apache mai miƙo shafuka, ya buɗe phpMyAdmin mai kula da rumbu ya yanka jadawalinsa na farko, ya rubuta localhost, adireshin kwamfutarsa, a burauza ya ga ko fom ɗinsa ya zuba abu a ciki. (Ga masu kukan kuɗin forfe: da zarar ka sauke kayan nan, sauran duk ba ya bukatar intanet, kwamfutarka ce uwar garken kanta.) Wanda aka gaya wa tun ranar farko cewa shafi mai rumbu zai gina, ya san ba a gama ba sai ya koyi SQL, harshen da ake ba rumbu umarni da shi.

Kuma wanda ya ji rumbu zai tambayi ƙofa. Mafi yawan sabbin shiga sukan kwashi abin da baƙo ya rubuta a fom su liƙa shi kai tsaye cikin umarnin SQL, wanda ya san hanya kuwa sai ya rubuta umarni a gurbin suna ya kwashe jadawalin gaba ɗaya. Maganinsa shiryayyen umarni na PDO, kayan aikin PHP na magana da rumbu, inda ake aika umarnin daban, abin da baƙo ya rubuta daban. Kalmar sirri ma ba a ajiye ta tsirara, tun PHP 5.5 ta 2013 akwai umarnin password_hash mai rikita ta kafin a ajiye.

Dattijon nan ya ce kalma ba ta zama sai ta shiga jimla ba ta yi tuntuɓe ba, don haka muka gwada. "Naka kafaffe ne ko mai rumbu?" "Ina so a sa wa shafin makarantarmu rumbu." "Shafin ya buɗe amma bai ɗebo ba." Ta ukun nan ta fi burge ni, don duk wanda ya taɓa manta kalmar sirrin MySQL a fayil ɗin haɗa shafi da rumbu ya san ranar da ake faɗin ta.

Inda muka tsaya ke nan: kafaffen shafi da shafi mai rumbu, jam'insu kafaffun shafuka da shafuka masu rumbu. Malamin jami'a ya ce a ajinsa zai riƙe nasa sunan, "mai haɗin take", wato shafin da ake haɗawa nan take idan an nema, a matsayin babban suna, mai rumbu ya zama reshe a ƙarƙashinsa, ba wanda ya hana shi. Saura "sesiyon" da "kuki", wato yadda shafi ke gane cewa kai ne dai ka shigo ɗazu. An kawo "zama" ga na farko, "shaida" ga na biyu, wani kuma ya ce shaida ta yi kama da zancen kotu. Wa ke da wadda ta fi?