Shawarwarin da aka bada kan yawon yini guda zuwa Wida

To jama'a, ga abin da na tattara daga hirar da mutanenmu na Maraɗi masu zuwa Kwatano sayen mota suka yi kan zuwa Wida, wani gari mai tarihi a bakin teku a ƙasar Benin. Tafiyar kamar kilomita 40 ce daga Kwatano, kuɗi kuma sefa ne irin namu, babu zancen canji.

Kusan kowa ya ce a haɗu kaɗan, daidai cikin mota ɗaya, a ɗauki ɗan jagora mai jin Faransanci sosai, kuma a gama ciniki tun kafin a tashi, a tambaye shi ko kuɗin shiga wurare da na mai suna ciki, don nan ne rigima take tashi da yamma in kowa ya gaji. A fita da sassafe.

Inda aka fi daɗewa shi ne hanyar bayi, wato hanyar da ake bi da bayi a da zuwa jiragen ruwa, kilomita 4 daga cikin gari har bakin teku inda ƙofar da ba a dawowa take, wadda aka gina a 1995 don tunawa da bayin da aka tafi da su. Wasu sun ce a taka da ƙafa, ni dai ina ganin da dattijo a tawaga gara mota, zafin can mai gumi ne ba irin namu ba. Akwai kuma ganuwar da 'yan Fotugal suka gina a 1721. Gidan mesa kam, wato wurin bautar gargajiya da ake ajiye mesa, an rabu biyu, wasu sun ce ba su shiga wurin tsafi, wanda bai so ya jira a waje kawai.

Teku fa kar wanda ya shiga wanka, igiyar ruwan wurin tana ja da ƙarfi. A riƙe katin shaida, ruwan sha da tabarmar salla.