Me ya sa Rumawa suka ci gaba da raba farantan tagulla bayan shekarar 212?

Salamu alaikum, malaman tarihi. Ina shirya wa ɗalibaina darasi kan zama ɗan ƙasa a tsohuwar daular Rumawa, sai na cije a wuri ɗaya.

Sojan da ba Barume ba, idan ya cika shekara 25 a rundunar taimako, akan sallame shi da zama ɗan ƙasa. Shaidarsa faranti biyu ne na tagulla, an ɗaure su da waya, shaidu bakwai sun buga hatimi a kai, asalin rubutun kuma yana kafe a bango a birnin Rum. Farantin yakan ba shi izinin auren mace baƙuwa, wato wadda ba 'yar ƙasa ba, 'ya'yan da za su haifa su zama Rumawa. Wajen shekarar 140 aka daina haɗawa da 'ya'yan da ya riga ya haifa yana bakin aiki, abin da ni dai nake gani rowa ce ƙarara.

To a 212 Sarki Karakala ya mayar da kusan duk wani ɗa mai 'yanci a daular Barume. Marubucin tarihi na zamanin, Kasiyus Diyo, ma ya ce don harajin gado ya yi. Amma dogaran fada da sojojin ruwa sun ci gaba da karɓar farantan shekaru da yawa bayan haka, da izinin auren baƙuwa a ciki.

Wace baƙuwa ce ta rage? Matan ƙabilun ƙetaren iyaka ake nufi, ko waɗanda dokar ta tsame? Ko kuwa al'adar ofis ce kawai ta ƙi mutuwa? Don Allah mai masaniya ya warware mini, ranar Litinin zan shiga ajin.