Jinina AS ne, zan iya taka kwarin Langtang?

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ina neman shawarar wanda ya taɓa tafiyar ƙafa cikin manyan duwatsu, ko likita in da hali. Ni da abokaina mun shirya zuwa Nepal mu taka kwarin Langtang, mota za ta ɗauke mu daga Kathmandu zuwa Syabrubesi, daga nan ba titi sai ƙafa har Kyanjin Gompa, wajen mita 3,800 sama da teku.

Matsalar jinina AS ne. Lafiyata ƙalau wallahi, amma na san mai AS in ya hau inda iska ta yi ƙaranci jini kan iya toshewa a saifa, ciwo ya turnuƙe shi ta hagun ciki, kuma wannan daban yake da ciwon tsayi da ke kama kowa. Likitan da na gani cewa ya yi in yawaita shan ruwa in hau sannu a hankali, gaskiya hankalina bai kwanta ba don can ciki in abu ya taso ba babban asibiti, sai dai helikwafta ta zo ta fito da mutum.

Shin Diamox, maganin da ake sha don ciwon tsayi, yana da amfani a nan ko ciwon tsayin kaɗai yake karewa? In na tsaya a Lama Hotel, wani zango a kan hanyar, wajen mita 2,500, abokan su ƙarasa, hakan ya fi? Sai kuma inshora, wace iri ce za ta biya kuɗin helikwafta bayan na faɗa musu ina da AS? Na gode.