Na ɗaure sandar tuƙi amma jirgin yana ta juyawa, ku taimaka

Baƙon Solent: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a kudancin Ingila, kusa da Portsmouth. Bara ni da abokin aikina muka haɗa kuɗi muka sayi tsohon jirgin ruwa mai tafiya da iska, ƙafa 22, irin wanda ake tuƙawa da sanda. Uwargida ta hana tun farko, ban ji ba. Ko wata shida ba a yi ba aka yi wa abokin canjin wurin aiki, ya bar ni da jirgi da kuɗin wurin ajiya, yanzu ni kaɗai nake fita. Da na saki sandar in gyara ƙyallen iska na gaba ko in zuba shayi, sai jirgi ya kama gabansa. Na ɗaure ta da igiya hagu da dama, tamau. Ranar Asabar ko minti biyu ba a yi ba ya juya, sandar ƙarƙashin babban ƙyalle ta wulwulo ta ɗauke min hula. Me zan yi?

Tsohon Sojan Ruwa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, igiyar da ka ɗaure sanda kawai ta riƙe, ba ta san inda za ka ba. Ka kwance ta. Ka ƙulla siririyar igiya a jikin igiyar babban ƙyalle, ka bi da ita ta ɗan wili a gefen da iska ke fitowa, ka kawo ta kan sandar. Ɗaya gefen ka sa roba, irin ta danƙon harbin tsuntsu. Iska ta ƙaru, jirgi zai so ya fuskance ta, igiyar sai ta ja sandar ta mayar da shi. Iska ta lafa, roba ta ja. Amma fara rage babban ƙyallen. In sandar na fizgar hannunka, babu robar da za ta iya.

Baƙon Solent: Na gode Yallaɓai, amma in na rage ƙyalle jirgin ba ya gudu, dama can nauyi gare shi.

Ɗan Yawuri: Mu a Kainji yaro ake zaunarwa a baya ya riƙe. Wannan fita kai kaɗai ban gane mata ba. Ni ma haɗin gwiwa ya taɓa cina, na sayi injin kwale-kwale da ɗan ƙanen babana, yau shekara uku ban ga injin ba, ban ga kuɗina ba, kuma a gida an ce in yi haƙuri.

Injiniya: Malam ka bar wahalar roba. Ka sayi injin riƙe sanda na lantarki, irin Raymarine ST1000, da batir mai volt 12 yake aiki, yana bin kamfas.

Tsohon Sojan Ruwa: Batir ya mutu a tsakiyar ruwa fa? Joshua Slocum ya zagaya duniya shi kaɗai daga 1895 zuwa 1898, da wane batir? Daidaita ƙyallayensa ya yi, ya ɗaure sitiyari. Ƙanena, ba ka faɗa mana ba, ranar Asabar ɗin daga ina iska take?

Baƙon Solent: Daga baya, ina dawowa daga tsibirin Wight.

Tsohon Sojan Ruwa: To ai ka ji. Ɗaurin sanda yana ɗan riƙewa ne in kana ratsa iska ta gaba. In tana bayanka, kowace igiyar ruwa ture gindin jirgin take yi. Allah ne ya tsare, hula ce ta tafi.

Maman Biyu: Yaya, ni duk wannan bai dame ni ba. In ka faɗa ruwa sanda na ɗaure, jirgin tafiya zai yi ya bar ka, ga manyan jiragen Southampton suna wucewa. Kana sa rigar hana nutsewa? Kana ɗaure kanka da jirgin? Antinmu ta san labarin hular nan?

Baƙon Solent: Rigar tana cikin jirgin, kuma na iya iyo tun ina yaro. Yallaɓai, robar tiyub ɗin keke za ta yi? Ita nake da ita a gida.

Injiniya: Ka sayi na lantarki kawai.